Malam Birki da Motar Rimot

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da tuƙi, a kujerar gefen direba, ƙafarsa a kan ƙarin birkin da ake sa wa motocin koyo. Ɗalibansa ne suka raɗa masa Malam Birki, don ita ce kalmar da ya fi faɗa. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Da gwiwa ta matsa masa, ya ajiye aiki. Wata biyu yana zaune a falo yana gyara wa direbobin cikin talabijin kuskurensu. Ran nan ƙaninsa, mai shagon kayan lantarki, ya shigo da wani kwali ya dire a gabansa.

"Yaya, wani ne ya sa na kawo masa, da ya ga a warwatse take sai ya fasa. Na ce ko za ta ɗebe maka kewa."

Motar tsere ce ta rimot, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. A jikin kwalin an rubuta tana gudun kilomita saba'in a awa. Malam Birki ya karanta wurin sau biyu, ya ce wannan ai ganganci ne. Sannan ya ce a miƙo masa tabarau.

Kwana tara ya yi yana haɗa ta a kan teburin cin abinci, iyali suka koma ci a ƙasa. Ƙananan notika ya zuba su a murafen kwalba, kowanne da gidansa. Tayoyin ya liƙa su da gam, ya liƙe yatsunsa biyu tare da su, sai da matarsa ta jiƙa masa hannu a ruwan ɗumi.

A wurin saiti ne abin ya kama shi. Ya gano in haƙoran giya suka matsu da yawa injin zafi yake yi, in suka saki kuma cinye juna suke, sai ya riƙa zura siririyar takarda a tsakaninsu kafin ya ɗaure. Ya gano man da ke cikin shokozoba, in ya yi kauri motar tsalle take yi, in ya yi ruwa ta riƙa jan ciki a ƙasa. Ya ɗauke ma'aunin da matarsa take auna fulawa, yana ɗora tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana matsar da batir gaba da baya har nauyin hagu ya zo daidai da na dama.

"Malam, yaushe za a ba ni ma'aunina?"

"Saura ta baya ɗaya."

Haka ya faɗa ranar Talata, haka ya faɗa ranar Asabar.

Ƙaninsa ne ya nuna masa inda masu irin wannan mota suke haɗuwa, filin ajiye motoci na wani kamfanin kujeru da ba ya buɗewa ran Lahadi. Mutum huɗu ne, duk magidanta, sun zagaye hanyar tsere da tsohon tiyo. Wanda ya fi surutu a cikinsu mai kemis ne, ya sa wa motarsa injin da ya fi ƙarfinta. A miƙaƙƙiyar hanya ba ka ganinta, amma duk kwana sai ta wuntsila ta kwanta a bayanta, tayoyi na juyi a sama.

Malam Birki ya ajiye tasa. Ta tashi lafiya lau, ta rage gudu tun kafin kwana, ta sha kwanar ba ta taɓa tiyo ba. Da wata ta taho ta bayanta, sai ya kauce ya ba ta hanya.

"Baba, tsere fa ake yi," in ji mai kemis.

"Na sani. Na ga yana sauri ne."

Shi ya zo na ƙarshe, kuma ko ƙwarzane babu a jikin motarsa. Mai kemis, da ya je ɗago tasa sau shida, shi ya zo na huɗu.

Lahadi ta uku Malam Birki ya kasa haƙuri. Ya ɗauki motar mai kemis, ya danna gabanta da yatsa, ya saki, ya ji yadda ta dawo. Ya kifa ta ya duba ƙarƙashi.

"Wa ya saita maka wannan?"

"Ni da kaina, Baba."

"Allah ya kyauta."

Ya zauna a bakin dakali ya baje kayansa. Ya rage mata tsayi, ya canza man shokozoban gaba, ya ɗan karkatar da kan tayoyin ciki don su kama ƙasa a kwana, ya mai da batir tsakiya. Mai kemis ya karɓa ya danna totur. Motar ta sha kwana kamar an ɗaure ta da igiya. Ranar shi ya ci tsere uku a jere, a na ukun ma sai da ya zagayo ya wuce Malam Birki sau biyu.

Mako na zagayowa sauran ukun suka jera masa motocinsu a dakali.

Tun daga nan duk motar da ke gudu a filin ta bi ta hannunsa, kuma duk suna wuce shi. Matarsa ta taɓa tambayarsa ko abin ba ya damunsa. Yana goge taya ya ce yana damunsa mana. Yakan ɗaura niyya tun daga gida cewa yau ba zai ɗaga yatsa daga kan totur ɗin rimot ba, amma da ya hango kwana yatsan yake ɗagawa da kansa. Ya ce ya taɓa gwada runtse ido ɗaya, bai yi amfani ba.

Shekararsa ta huɗu ke nan a filin. Mutanen sun kai goma sha biyu, har da masu zuwa daga wata unguwa da mota a cikin jaka, ana nuna musu dattijon da ke bakin dakali. Sau ɗaya ya zo na biyun ƙarshe, ranar da batirin wani tela ya mutu saura zagaye ɗaya. Da aka tashi ya bi telan har bakin babur ɗinsa, ya karɓi batirin ya auna, ya ce masa ba haka ake cajin batir ba. Ya tafi da shi gida ya gyara. Lahadin da ta biyo telan ya zo na uku.