Ɗakin Inna na Fagam

Shekarar da kakanmu ya rasu, Inna na fita takaba Baba ya ɗauko ta daga Fagam ya kawo ta gidanmu a Birnin Kudu, wai nan ya fi kusa da asibiti, ga ƙafarta tana kumbura. Ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ja da shi. Amma ƙullin kayanta ta ƙi kwance shi. Kullum zancenta ɗaya: ɗakinta ginin ƙasa ne, ɗakin da ba a kwana a ciki kuwa ba ya jure damina. A mai da ita ta sa a yi masa yaɓe tun ruwa bai sauka ba.

Ba abin da ke ɗauke mata hankali sai wani shirin Turawa da ake sawa a talabijin bayan la'asar, na gidajen da fatalwa ta hana mutane sakat. In an kawo wuta, ni ne tafinta. Ƙannena su ƙudundune a bayan kujera, ita kuwa tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da akwatin.

"Kai mai gidan," haka take tsokanata, "me wancan dogon ya ce?"

"Wai wani abu ya shafa masa ƙeya."

"Ba dole ba! Ka faɗa gidan mutane ba sallama, da takalmi, kana haska musu tocila a ido. Ai ta yi haƙuri ma, ni da muciya zan bi shi."

Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Kai, na yi kewar wannan faɗan!

Wata rana aka nuno gidan wata tsohuwa da ta mutu, magada suka sayar. Sababbin masu gida suka kawo masu addu'a irin tasu, aka yi turare, aka yi ihu, tsohuwa ta ce ba inda za ta. Ina fassarawa ina ƙara gishiri, ina jiran Inna ta kwashe musu albarka. Da na waiga, sai na ga ta ajiye faifan gyaɗar a ƙasa. Baba kuma yana tsaye bakin ƙofa, dawowarsa ke nan daga kasuwa.

Ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce, "Ka ga wannan ta fi ni gata. Ta mutu ma an kasa fitar da ita daga ɗakinta. Ni da raina aka fitar da ni."

Baba ya daɗe yana murza hularsa a hannu. Ya ce, "Inna, ki ƙara haƙuri ƙafar ta saɓe. Da kaina zan kai ki."

Ƙafa ba ta saɓe ba, ruwa kuma bai jira kowa ba. Ana tsakiyar marka wani direban motar Gwaram da ke bi ta Fagam ya tsaya a ƙofar gida ya gaya wa Baba ɗakin ya zube. Aka ɓoye mata. Har ta cika, ana gab da yankan gero, tana aika saƙon a yi yaɓe.

Na yi karatun addini daidai gwargwado, na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma duk sanda hanya ta bi da ni Fagam sai na tsaya a kangon nan, inda tafasa ta cinye wurin gadonta, in ji ina ma ƙaryar Turawan nan gaskiya ce. Wallahi da za ta leƙo ko sau ɗaya, ba malamin da zan kira. Magina zan kira.