Sista Kwastan da Aljihun Surukinta

A asibitin da Baraka Mu'tasim take aiki a Yola ba a cika kiranta da sunanta ba. Majinyata da masu jinyarsu sun sa mata Sista Kwastan, kuma mutanen da ke zaune kusa da iyakar Kamaru sun san wanda suke ba wannan suna. Idan aka kwantar da mutum a ɗakin maza, takan gaishe shi, ta tambayi jiki, ta auna jininsa, sannan ta shimfiɗa zani a ƙarshen gado ta ce, "A juye." Sai a juye jaka, a juye leda, a juye aljihu. Ta ɗaga matashi, ta buɗe fulas ta shinshina. An ce ta taɓa zaro ƙulli daga hular wani dattijo alhali hular tana kansa.

A unguwar Wuro Hausa ta Yola aka haife ta. Mahaifinta maɗinkin hula ne, kakansa ya zo fatauci daga Kano, ya ga kogin Binuwai, bai koma ba. Ta shiga makarantar koyon aikin jinya ne saboda ita kaɗai mahaifinta ya yarda da ita, don ya ji an ce ɗalibai mata suna rufe kai. A can aka koya mata cewa magunguna biyu, kowanne mai kyau, suna iya haɗuwa a ciki su yi abin da ba wanda ya aike su. Ta rubuta haka a jarrabawa, ta ci. Ba ta gaskata ba sai a shekararta ta farko a bakin aiki, da wani direban tanka mai ciwon sukari ya sha maganin asibiti, ya ɗora da na ƙaninsa wanda aka ce ya fi ƙarfi, ya sume a kan sallaya. An ceto shi. Da ya farfaɗo aka tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa ba, sai ya ce an tambaye shi ne ko yana da wani magani, shi kuwa ba shi da shi, na ƙaninsa ne. Daga ranar Baraka ta daina tambaya, ta koma juyewa.

Da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen 2014, Yola da Jimeta suka cika da mutane. Masu agaji suka kafa rumfuna, kowace da maganinta da launin kwalinta. Wanda ya bar gidansa da rigar jikinsa kuwa ba ya wuce layin da ake raba wani abu, ko mene ne. A watannin nan Baraka ta juye ledoji da ba su ƙirguwa. Ta ga dattijon da ke shan maganin hawan jini iri ɗaya sau uku, fari da safe, shuɗi da rana, ruwan ɗorawa da yamma, yana mamakin yadda jiri ya biyo shi tun daga Mubi.

A cikin waɗanda suka iso har da surukinta, Malam Salihu, wanda ya shafe rabin rayuwarsa yana gyaran keken ɗinki a kasuwar Mubi. Da ƙafa ya ratso duwatsu, gwiwoyinsa ba su yafe masa ba. Aka ba shi ɗakin soro a gidan ɗansa Haidar, mijin Baraka. Bayan 'yan makonni likita ya gano zuciyarsa ba ta bugawa bisa ƙa'ida, kuma hakan na iya sa jini ya yi guda ya toshe masa hanyar ƙwaƙwalwa. Ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini, 'yar ƙwaya ɗaya kullum, ya ja masa kunne kada ya haɗa ta da komai, musamman maganin ciwon jiki. Malam Salihu ya ce to.

Tsakaninsa da Baraka akwai abin da ke tsakanin kowace mace mai tarbiyya da uban mijinta. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Idan aka kwantar da wani Salihu a ɗakinta, "mai sunan Baba" take ce masa har a sallame shi. Da safe takan durƙusa a bakin ƙofar soro ta gaishe shi ta bayan labule, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Abinci ta ajiye a bakin ƙofa an rufe da faifai, in ya gama ya turo kwanukan waje. Haka suke, kuma kowannensu yana yabon ɗan'uwansa a bayan ido.

Malam Salihu ɗan gudun hijira ne kuma marar lafiya, saboda haka ya cancanci dubiya biyu, ta jaje da ta jiki. Mutane suka yi ta zuwa. Mai zuwa dubiya kuwa ba ya zuwa hannu rabbana, kuma ba wanda bai san wani da ya yi irin wannan ciwon gwiwa ya warke ba. Shi kuma an rene shi a kan cewa mayar da kyauta zagi ne. Yakan karɓa da hannu biyu, ya nemi ruwa, ya haɗiye a gaban mai kawowa don ya ga alherinsa bai faɗi ƙasa banza ba.

Da tsintsiya Baraka ta fara ganewa. Tana share bakin soro da safe ta ga inda yake tofar da yawu bayan asuwaki ya yi ja. Wani yammaci ya miƙo hannu ta ƙarƙashin labule zai ɗauki buta, ta ga wani tabon kwanciyar jini baƙi-baƙi a damtsensa, irin na wanda aka doka, alhali ba wanda ya taɓa shi. Ranar wanki kuma ta tarar da jinin haɓo a hankicinsa. Ta san abin da wannan ke nufi. Jinin ya tsinke fiye da yadda likita ya nufa. Wanda ke fita ta hanci ana ganinsa. In ya ɓalle a ciki ko a kai, sai dai a ji ya faɗi. A asibiti da tuni ta shimfiɗa zani.

Ta sami Haidar yana goge babur.

"Abban Naziha, Baba yana shan wani abu banda na likita. Ka tambaye shi."

"Ni?"

"Kai ne ɗansa."

"Ni ne ɗansa na fari. Kin taɓa jin ya kira sunana?"

Ba ta taɓa ji ba. Duk da haka Haidar ya tuɓe takalmi ya shiga. Ta ji sun yi maganar damina, da hanyar Mubi, da wani maƙwabci da ba a san inda ya shiga ba. Can zuwa ƙarshe Haidar ya gyara murya.

"Baba, wai maganin likitan nan ana sha?"

"Ana sha."

"Ba wani kuma?"

"Ni dai ban sayi komai ba."

Haidar ya fito da fara'ar wanda ya sauke nauyi. Baraka ta tuna direban tanka.

A wurin aiki ta gaya wa Hilda, 'yar Numan da suka fara aiki tare, wadda Hausarta ba ta damu da bambanta mace da namiji ba.

"Kai ne Kwastan fa," in ji Hilda. "Ka sa inifom ka shiga ka juye shi. Jiya ka juye Ciyaman, suruki ne zai gagare ka?"

"Ciyaman ba shi ya haifi mijina ba."

Amma ta gwada. Washegari ta sa fararen kayanta, ta tsaya a bakin soro da na'urar awon jini a hannu, ta yi sallama. Malam Salihu ya hango farin ta gefen labule, ya ƙara jan labulen, ya ce Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba majinyata lafiya. Ta ce amin, ta tafi aiki.

Mutum ɗaya ce a Yola take shiga ɗakin ba sallama, Goggo Kaltume, mai busasshen kifi a kasuwar Jimeta. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, kuma tun suna yara al'ada ta ba ta izinin gaya masa duk abin da ta ga dama. Duk Juma'a takan hau keke ta zo ta yi amfani da wannan izini. Tun daga zaure ake jin ta tana tambayar ina tsohon nan da ya fi samarin Mubi gudu.

Wannan Juma'ar Baraka ta tare ta a tsakar gida, ta shimfiɗa mata tabarma, ta zuba mata kunu.

"Goggo, ko kin san Baba yana shan wani abu banda na likita?"

"Sosai ma. Ni nake kawo masa." Ta kwance bakin zani ta nuna mata wasu ƙwayoyi ja da fari. "Yaron kemis na layinmu ya ba ni. Tun da na fara kawo masa yake salla a tsaye. Naku na asibiti me ya yi wa gwiwa?"

Gaskiya ta faɗa, yana salla a tsaye. Baraka ta ɗauki ludayi ta motsa kunun.

"Goggo, maganin likita ruwa yake ƙara wa jinin Baba, kamar kunun nan, daidai yadda ba zai yi gudaji ba. Naki kuma yana ƙara hana shi kamawa, sannan yana kankare gindin tukunyar. Ran da ta huje, ba abin da zai tsaya."

Goggo Kaltume ta ajiye kofi. Ta dubi ƙwayoyin.

"Wato ni ce zan kashe shi. Tun muna yara nake gaya masa haka, amma da baki ne." Ta miƙe ta ɗaura zani. "Ɗauko tire ki zauna a bakin ƙofa. Ke kina da kunya, ni ban gaje ta ba."

Ta bankaɗa labule. "Tashi, Salihu. Kwastan ta zo, ni ce 'yar aikenta."

"Kaltume, ki ji tsoron Allah, yau Juma'a."

"Shi ya sa nake so ka ga ta gaba. Ɗaga hannu."

Baraka tana durƙushe a waje, kayan suna fitowa ta ƙarƙashin labule ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayoyin Goggo. Irinsu sak a wani kwali mai hoton mutum riƙe da ƙugu. Asfirin a takardar burodi. Wata farar ƙwaya mai ɗaci ta ciwon ciki, wadda ita kaɗai ta isa ta ninka ƙarfin maganin likita. Jiƙo a gorar lemo, ba suna, ba ranar haihuwa.

"Wannan Ladan ne ya kawo, da ƙafarsa," in ji Malam Salihu.

"Da ƙafarsa zai raka ka maƙabarta, har ya yi maka addu'a mai tsawo."

Malam Salihu ya gyara zama. Sannan ya yi magana, muryarsa ta nufi bango.

"A gaya wa mutanen gidan nan ban raina aikinsu ba. Amma mutum ya taso tun daga Sangere, ya kawo mini abu don yana so in warke. Na bar gida, na bar shago. In bar mutunci kuma? In ce masa me?"

Baraka ta dubi tire.

"Goggo, a gaya wa Baba ya karɓa, ya yi godiya. Ba karɓar ce ke da laifi ba. A gaya masa ya ce sai ya ci abinci zai sha."

"Ka ji," in ji Goggo Kaltume, ko da yake ya ji.

Bayan an sauko daga masallaci Haidar ya kai shi asibiti. Awo ya nuna jinin ya tsinke ƙwarai, kuma ya ragu, alamar ya fara zuba a ciki. Aka kwantar da shi a ɗakin maza. Baraka ta roƙi a mayar da ita ɗakin yara har a sallame shi, aka mayar da ita. Hilda ce ta shimfiɗa zani ta ce a juye, ta samu sauran ƙwayoyi biyu a naɗin hularsa. Likita ya dakatar da ƙwayarsa na ɗan lokaci, ya gyara awonta, ya ba shi parasitamol da man shafawa saboda gwiwa. Malam Salihu ya koma salla a zaune, kuma har yau Kaltume yake ɗora wa laifin.

Masu dubiya ba su daina zuwa ba, ba wanda ya gaya musu su daina. Malam Salihu yana karɓa da hannu biyu, ya sa musu albarka, ya ce sai ya ci abinci. Da yamma in ya turo kwanuka waje, Baraka takan ɗaga faifai ta tarar da abin da aka kawo a ranar, an jera shi a gefen kwanon miya. Ta kwashe ta wuce da shi asibiti, inda ake ƙona irinsu.

Mubi ta lafa, mutane suka koma, shi bai koma ba. Ya ce gwiwarsa ta riga ta zaɓi gari. Baraka yanzu ta kusa ritaya, ɗalibai na bin ta a baya suna koyon ɗaga matashi, wasunsu suna jin nauyi, tana gaya musu zai wuce. Ita da surukinta ba su taɓa yin maganar ba, ba kuma alamar za su yi.

Kwanakin baya ta ɗaga faifai ta tarar da ƙwayoyi biyu, da ƙullin wani gari, da farin goro guda ɗaya a gefe. Ta tsaya tana juya goron a hannu. Ba ta sani ba ko godiya ce, ko tambaya yake ko shi ma an hana. Ta wanke shi, ta mayar masa a gefen kokon safe.