Dakta Bala, Mai Tambayar Yara Dalili

Ina tsaye a kasuwar Mile 12, ana sauke mini kwandunan tumatir da suka iso daga Arewa, wayata ta yi ƙara. Garba ne, ƙanin Dakta Bala. Hayaniyar 'yan dako ta hana ni jinsa sai da na toshe kunne ɗaya. Ya ce, "Alhaji, Yaya ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar kaya a ƙasa, na bar motata inda take, na tare okada, domin na san gosulo, cunkoson motocin nan, ba zai bar ni in riski jana'iza a Agege ba. Na riske ta. Amma tun da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a rumfa sai in tashi, in na je gida sai in fito.

Tare muka tashi da Bala, layi ɗaya, aji ɗaya a sakandare. Ni na tsaya a tsakiya na shiga kasuwa da kwando a ka. Yau ina da motocina da rumfunana, babu wanda ya ba ni, kuma ba na jin nauyin faɗa. Shi ya wuce jami'a, ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ya je ƙasar waje ya ƙaro, ya dawo yana koyarwa. Duk rayuwarsa abu guda ya bi: yadda hankalin ƙaramin yaro ke girma har ya gane cewa akuya da kaza duk dabbobi ne, amma motar danfo ba dabba ba ce ko da tana gudu tana kuka. Nakan ce masa, "Likitan da ba ya allura, yau wa ka warkar?" Sai ya ce, "Sarkin ruɓaɓɓen tumatir, kai dai ciko mini kwando."

Ba wasa yake yi ba, daga wurina yake ɗaukar kayan aikinsa. Tumatir, albasa, ƙwai, doya, lemo, goro, sai ya ƙara da dutse da cokali. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya cire hula, mutumin da ɗalibai ke miƙewa in ya shigo aji, ya zauna daidai tsayin yaro. Ya zube kayan ya ce, "Haɗa mini 'yan gida ɗaya." In yaron ya fi sakewa da Yarabanci, ya juya Yarabanci. In Turancin buroka ne, ya bi shi. Ban taɓa jin ya ce wa yaro daidai ne ko kuskure ne ba. Tambaya ɗaya ce da shi: "Me ya sa ka haɗa su?" Yakan ce, "Yaro ba ya amsa a banza. In ya sauka inda ba ka zata ba, tambaye shi hanyar da ya biyo." Yakan kuma ce, "Babba yana gaggawar gyara, shi ya sa ba ya jin dalili."

Na ga amfanin wannan a cikin gidana, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni yanzu. Jikata Ummi tana wata makaranta a Ogba. Kwanakin baya shugabar makarantar ta kira ni, ta ce an gwada yara da hotuna, kowa ya ware kayan lambu gefe, dabbobi gefe, kayan gida gefe, ban da Ummi. Ita ta haɗa tumatir da ƙwai da kofin gilashi, ta haɗa doya da albasa da turmi. Shugabar ta ce yarinyar tana bayan sa'o'inta, ko a mayar da ita ajin ƙasa ko in nema mata wani wuri. Na fito raina a ɓace na wuce gidan Bala, ina cewa gobe zan cire ta, in ta kama in gina tawa makarantar. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Zauna, Alhaji. Kai da ba ka sayen kwando sai ka duba ƙasansa, za ka yanke wa jikarka hukunci daga sama?"

Ya zo gidana da kwandonsa. A lokacin jikinsa ya fara nauyi, sai da ya dafa bango kafin ya kai tabarma. Ummi ta ware kayan kamar yadda ta yi a makaranta. Ya ce, "Uwata, me ya sa tumatir ya bi ƙwai?" Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. Ta ce, "Baba Dakta, waɗannan na sama ne. In an danne su fashewa suke yi. Waɗannan kuma na ƙasa ne." Bala ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya juyo ya ce mini, "Jikarka lodi take yi! Motocinka take kallo ana ɗora musu kaya. Tana da ƙa'ida, kuma ta riƙe ta daga farko har ƙarshe. Abin da muke nema a yaro ke nan." Sai ya ce mata, "To in Mama za ta yi miya fa?" Ta sake lale, tumatir ya koma wurin albasa, ƙwai ya tsaya mata a hannu tana juya shi, ta rasa inda za ta aje.

Bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce karatunta na baƙi yana da rauni, sai an zauna da ita, kuma saura ta koyi cewa kaya iri ɗaya suna rabuwa ta hanya fiye da ɗaya. Ya ce da zarar ya ji sauƙi zai raka ni makarantar ya yi musu bayani da yarensu. Sauƙin bai zo ba.

A zaman makoki matarsa, Hajiya Sikira, ta aiko aka kira ni bakin ƙofa. Ta ce, "Alhaji, har a asibiti yana maganar Ummi. Ya ce kada ka bari a mayar da ita baya." Don haka na tafi makarantar ni kaɗai, da Turancina na kasuwa da kwando a hannu. Shugabar ta ce, "Oga, kasuwa ka kawo mana ofis?" Na ce, "Madam, ki kira yarinyar ta ware, ke kuma ki tambaye ta dalili." Ta yi hakan. Ta saurari Ummi, sannan ta ce za a bar ta a ajinta zango ɗaya a gani. Sai ta tambaye ni yadda marigayin ya ce a koya mata mataki na gaba. Ban sani ba. Wanda ya sani yana kwance a maƙabartar Agege.

Shi ya sa nake roƙon ɗalibansa da za su karanta wannan: tsakar gidana a buɗe take, kaya kuma suna rumfata. Wani a cikinku ya zo ya zauna da Ummi kafin zangon ya ƙare. Ba ita kaɗai ke da wannan buƙata a unguwar nan ba.

Allah ya jiƙan Bala, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa haƙurin da ya yi da 'ya'yan mutane ya zama nauyi a mizaninsa. Allah ya ba Hajiya Sikira da 'ya'yansa da Garba juriyar wannan rashi, ya tsaya musu inda shi yake tsaya musu. Yarinyar da ya tafi da damuwarta kuma, Allah ya kawo wanda zai ƙarasa mata abin da ya fara. Amin.