Malama Najiba, Wadda Ta Fitar da Hafsah Daga Guangzhou

Ƙarfe shida da rabi na safe Malama Najiba Tankari take kulle ƙofarta a unguwar Panyu da ke Guangzhou, ta gangara ta shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba kasafai take samun wurin zama ba. A tsaye take tafiyar, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan rungume da jaka cike da takardun mutane: fasfon da wa'adinsa ya ƙare, takardar haihuwa, sammacin da mai shi bai san abin da ke ciki ba. Kafin a buɗe ofisoshin gwamnati ta riga ta kama layi. Shekara goma sha bakwai ke nan tana wannan zirga-zirgar.

Kafin ta biyo mijinta nan, shekara tara ta yi a ofishin rajista na Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, tana karɓar takardu tana buga musu hatimi. A can ta koyi abin da yawancinmu ba mu sani ba: kowace kotu da huruminta, kowace takarda da hanyar da take bi, kuma wanda ya kai maganarsa inda ba nan ba ne, sai ya koma farko. Da ta zo Guangzhou ta zauna a aji ɗaya da yara sa'annin ƙannenta ta koyi Sinanci, har ta kai tana karanta takardun hukuma.

Abdoulaziz, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, ya shaida mana ranar da ta raka shi kotu a matsayin shaida. Ya ce "na gani", mai fassara ya mayar da ita "na yarda". Ta miƙe cikin ladabi ta nemi a maimaita tambayar, aka gyara. Irin waɗannan suna da yawa, amma labarin da aka fi tunawa shi ne na Hafsah.

Zayyad Abdulgafar mai sayo fitilu ne yana aikawa Kano. Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a wani shago a titin Liuhua Lu, kafin la'asar ya cika. Matarsa ta riga shi rasuwa da shekara uku. Aka bar 'yarsu Hafsah, mai shekara takwas, haifaffiyar Guangzhou, a hannun maƙwabta. Hukumar kula da yara ta yi magana a fili: ba za a ba kowa yarinyar ba sai mai takardar riƙo daga kotu. In ba a kawo ba, za a kai ta gidan yara na gwamnati, kuma fito da ita daga can aikin watanni ne.

Ƙanwar mamacin, Mero, ta sauka da bizar kwana talatin da takarda daga kotun shari'a ta unguwarsu. Tana ganin magana ta ƙare. Aka kawo ta wurin Malama Najiba, ita kuwa ta karanta takardar sau biyu ta ajiye.

"Ba ku yi kuskure ba," in ji ta. "Riƙon maraya maganar kotun shari'a ce ko babbar kotun jiha. Amma wanda ke zaune bayan gilashi a nan bai san alƙalin ba, bai san hatiminsa ba. Sai ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta shaida hatimin kotu, ofishin jakadancin Sin ya shaida na ma'aikatar, sannan mu fassara a nan."

Malama Najiba ta ɗora fasfon mamacin kusa da takardar.

"Ga wata kuma. Nan Zayyad, nan Zayyanu."

"Ai Zayyanu muke ce masa a gida, Malama."

"Na sani, ƙanwata. Su ba su sani ba. A wurinsu mutum biyu ne."

Ta kira Rabe, wan su Mero, a Kano, ta ce ya je Babbar Kotun Tarayya ya yi takardar rantsuwa a gaban kwamishinan rantsuwa cewa sunayen na mutum ɗaya ne, na uban da na 'yar, domin takardar haihuwa ta ce Hafsah, ta kotu kuwa Hafsatu. Ranar da bizar Mero ta kwana goma sha biyar Rabe ya turo hoton takardar ta waya, yana kan hanyar Abuja. Malama Najiba ta duba. Sunan uban kaɗai aka rubuta.

"Rabe, sauka ka koma Kano," ta ce masa.

Komawar na nufin asarar kwana huɗu, da Asabar da Lahadi a ciki. Mero ta fashe da kuka.

"Malama, harafi biyu ne fa. Saboda harafi biyu za ki sa a ɗauke min 'yar ɗan'uwana? Ke ba ki da asara a ciki."

Waɗanda suke wurin sun ce Malama Najiba ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ki ji haushina yau. In muka je da wannan aka dawo da mu, ba sauran lokacin gyara." Daga baya ta faɗa wa wata aminiyarta cewa ranar ba ta iya cin abinci ba. Ita kanta ba ta da tabbacin kwanakin za su isa, kuma ta san in ba su isa ba, ita ce ta sa Rabe ya sauka daga mota.

Ba ta zauna jira ba. Ta kai Hafsah ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya aka yi mata takardar tafiya, ta karɓo shaidar rasuwa daga asibiti ta sa aka fassara. A Abuja kuwa takardu na bin layinsu, hutun gwamnati ya ci kwana guda. Ranar kwana ashirin da huɗu ma'aikaciyar hukumar yara ta zo gidan maƙwabtan, ta ce a haɗa wa yarinyar kayanta a ajiye. Hafsah da kanta ta ninke kayan makarantarta ta sa a jaka.

Ranar ashirin da bakwai takardun suka fito. Masu kai saƙo suka ce sai kwana biyar. Malama Najiba ta bi lambobin 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, har ta dace da Alhaji Babayo da zai taso daga Abuja washegari. Ranar Alhamis da safe ta tarye shi a filin jirgi, ta wuce kai tsaye wurin masu fassara da tabbatar da takardu.

Juma'a, ranar ƙarshe ta bizar Mero, hukumar yara ta sa hannu da hantsi. Saura izinin fita. Ƙarfe huɗu saura aka kira lambarsu a ofishin shige da fice. Jami'ar ta bi takardun da alƙalami, layi bayan layi, sai ta tsaya. Ta dubi takardar haihuwa, ta dubi ta kotu, ta girgiza kai.

"Meyo," ta ce, wato babu, ta turo takardun baya.

Hafsah ta fi gwaggonta jin Sinanci, don haka ita ta fara gane abin da aka ce. Ta damƙe gefen mayafin Mero. Malama Najiba ta mayar da takardun a hankali, ta buɗe shafi na biyu na rantsuwar, ta ɗora yatsa kan sakin layin da Rabe ya koma Kano dominsa, ta karanta shi da Sinanci. Jami'ar ta karanta da kanta, ta kwashi komai ta shiga ciki.

Minti arba'in suna tsaye. Aka fara rufe tagogin gefe.

"Gwaggo, in sun ce a'a, za ki tafi ki bar ni?" Hafsah ta tambaya.

Malama Najiba ce ta ce, "In sun ce a'a, ni ina nan, kuma Litinin zan dawo."

Biyar saura minti goma jami'ar ta fito, ta buga hatimi, ta miƙo. Mero ta durƙusa a wurin ta riƙe hannun Malama Najiba tana neman gafara. Ita kuwa agogo take dubawa, tana cewa su tashi, jirgi ba zai jira su ba. Yanzu Hafsah tana aji huɗu a Hotoro, a Kano.

Malama, ke ce kika tsaya a layin da ba naki ba, shekara da shekaru. Ke ce kika yarda a ji haushinki don kada a yi kuka daga baya. Mai karanta ƙananan rubutu, uwar baƙi a garin da ba na kowa ba, babu takarda ko ɗaya cikin waɗanda kika ɗauka da ke ɗauke da sunanki.

Wata mai zuwa za ta koma Kano. Idanu sun gaji, gwiwoyi ma haka. Mun gode, Malama Najiba. Ɗalibanmu da ke jami'o'in garin nan, kuna jin yaren, kuna iya karatu. Ku je ku zauna da ita kafin ta tafi, ku koyi wace kotu ce ke da wane hurumi, wane ofishi ne ke gaba da wane. Mutane ba za su daina sauka da takardun da ba su cika ba, kuma sai an sami mai raka su. Allah ya saka mata da alheri, ya kai ta gida lafiya.