Tambayar da Shifa ta kasa yi wa matan Venezuela

Shifa 'yar Zariya ce, shekara uku muna zaune flat ɗaya da ita a unguwar Longsight da ke Manchester. Digirin dakta take yi a kan Venezuela, ƙasar da Allah ya ba mai fiye da namu, amma mutum sama da miliyan bakwai suka tattara suka bar ta. Duk wanda ya ce me ya haɗa Bahaushiya da Sifaniyanci, yaren mutanen can, sai ta ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba ta da tsoro, ga kafiya.

Aikinta hira da matan Venezuela da suka sauka a Manchester da Birmingham, don ta gano yadda hijira ta raba iyalai. Mata sittin ta zauna da su. To amma renon kaka ce. A gidansu ba a tambayar uwa yawan 'ya'yanta, rashin kunya ne. Sai ta riƙa tambayar mutum nawa ke cin abinci a gidan.

Saura wata huɗu ta miƙa aikin, malaminta Farfesa Daniel ya ce ta ƙirga na kusa da tukunya, ta bar waɗanda binciken ke nema. In ba ta gyara ba, tallafin karatunta zai ƙare babu digiri. Ni ma na yi mata tas, na ce ke da kika haye teku, kunyar Zariya kika cusa a akwati? Ranar ta ji haushina sosai.

Washegari ta hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, wajen Yelitza, tsohuwar malamar makaranta da yanzu take goge-goge a wani asibiti. A takardar Shifa, gidan mutum biyu ne. Ta daure ta yi tambayar, kanta a ƙasa.

Yelitza ta ce, "Huɗu. Ɗaya a Peru, ɗaya a Chile, ƙaramar tana wajena. Babban ya shiga dajin Panama da ƙafa, har yau shiru. Sau biyu kina zuwa, na zaci ba ki damu ba ne."

Cikin wata biyu Shifa ta sake bin gidajen nan sittin ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'ya ɗari da goma sha ɗaya ta samo waɗanda da ba sa cikin takardarta, kuma ta ci jarrabawar. Shafin farko na kundin, sunan babban ɗan Yelitza ne kaɗai a kai.