Tsamiyar Yaya Habu ta Ƙarshe

Shekara arba'in ke nan da muka kai yayana Habu makwancinsa. Ban saba rubuta wa jarida ba, amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Makon jiya na ga jan fenti a jikin tsamiyarsa ta ƙarshe, alamar za a sare ta a yi shaguna.

Bari in bi abin daki-daki. Mu 'yan Kwandiko ne. Bayan samun 'yancin kai, Yaya ya sami aikin gandun daji a Birnin Kudu, ni kuma na biyo shi. Kusa da tasha akwai wani fili, rana ƙwal, inda mutanen ƙauye ke jiran mota. Ya nemi izini ya mai da shi inuwa.

Tsarinsa uku ne. Da farko darbejiya, don tana saurin girma. Sannan tsamiya a tsakani, don ita ke daɗewa. Na uku ruwa: ya binne tsohon tulu mai tsaga a gindin kowace shuka, ya roƙi masallata su riƙa alwala a kai. Wani direban Gwaram ya ce masa, "Malam Habu, kafin tsamiyar nan ta yi inuwa ai jikanka ya yi furfura!"

Ya ce, "To, shi jikan a rana zai zauna?"

Allah bai ba Yaya haihuwa ba. Jikokin mutane yake nufi. Inuwar giginya, na nesa ka sha.

Da kuɗin man fetur suka zo, kowa ya koma son siminti. Ƙananan tsamiyoyin aka fara tumɓukewa, wai ba su da amfani. Bayan rasuwarsa darbejiyoyin suka zama itacen girki. Yau mata masu goyo a rumfar kwano suke jiran mota, zafi sama da ƙasa. Da Yaya zai dawo me zai ce? Ba mai faɗa ba ne. Na san tambaya zai yi: wa ke zuba ruwa?

Ina roƙon hukuma ta bar wannan guda ɗaya. Kabarinsa ya baje, ni kaina ba na gane shi. Nan kaɗai nake zuwa in yi masa addu'a.

Jiya na yi alwalar la'asar a gindinta. Bakin tulun yana nan cikin ƙasa, ya kuma shanye ruwan. Allah ya jiƙan Yaya.