Fuskar Katako a Hanyar Jidda

Muna cikin tasi dab da wurin taftish, shingen binciken shiga Makka, na kwance ƙullin da aka ba ni, sai ga fuska tana kallona. Ta katako ce, fenti ja da ruwan zinare, idanu manya an zagaye su da baƙi kamar kwalli. Na san ta daga hotunan waya. Irin wadda mutanen Masar na dā ke ɗora wa gawa ce kafin a rufe akwati.

Yayana ne ya sayo ta a Alƙahira, inda yake karatu. Ya ce ta 'yan yawon buɗe ido ce, sabuwa fil, in karɓo a gidan gwaggo a Jidda in kai gidanmu a unguwar Shisha ta Makka. Ita kuwa gwaggo ba ta yarda sura ta kwana a buɗe a ɗakinta. Sai ta naɗe ta da guntun tsohon harami, ta ɗaure da baƙin zare, ƙulli kan ƙulli, har da barbaɗa turare.

To ku duba. Baƙin saurayi, fuskar matacce cikin farin ƙyalle kamar likkafani, ga zare. A garin nan sunan wannan sihiri, kuma wanda aka kama da shi ba ya kwana gida.

Direban tasin dattijo ne Bahaushe, iyayensa ta Sudan suka zo. Ya leƙo, ya yi salati, ya tambaye ni ko ɗaurin rai da rai nake nema mana. Na ce bari in tura ƙarƙashin kujera.

"Kul, ɗana. Abin da aka ɓoye shi ake tuhuma. Cire tsumman, ɗora ta a cinya."

Ya cusa ƙyallen inda yake ajiye na goge gilashi, zaren ya fita ta taga.

Askarin shingen ya karɓi iƙamata, wato katin zamana, ya sunkuyo. Ya kalli fuskar, ita ma kamar shi take kallo. Ya ce mene ne wannan. Na ce tsaraba ce daga Masar. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce turare fa? Dattijo ya ce motarsa ce, kullum yana turara ta. Askarin ya miƙo min, ya ce kar in rataya inda ake salla, yalla, mu wuce.

Sai da muka wuce na ji rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Har yau tana saman kabad, na kifa ta, umma ba ta san da ita ba. Ku da ku ne, za ku bar ta a gidan ko shara za ku kai?